Darasi na Tara: Annoba, Dokar Kulle da Allurar Rigakafi a Gabashin Sakkwato

A wannan darasi za mu koyi yadda annoba ke yaɗuwa, da dalilan da ke sa hukuma ta hana taro ko tafiya idan ta ɓarke, da yadda ake tsara rabon allurar rigakafi. Misalanmu za su fito ne daga Wurno da Rabah da Goronyo, da abin da muka gani da idonmu a lokacin korona.

Abin da magabata suka sani

Kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Wurno, garin da ya mayar ribaɗi, inda ya rasu a 1837. An fi saninsa da mulki da jihadi, amma cikin rubuce-rubucensa akwai na magani, har da na ciwon ido da na basir. Da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila akwai likita da zai zo ya zauna. Malami ne ɗan malami, bai kuwa ga aibu ba a neman ilimin magani a wurin wanda ya san shi, ko daga ina ya fito.

Killace gari ma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, sai labari ya iske shi cewa annoba ta sauka can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarfafa shi da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana mutanen garin gudu daga cikinsa. Dokar hana zirga-zirga ta zamaninmu ba ta wuce waɗannan biyun ba.

A watan Satumba na 1918 wata muguwar mura ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo har Kano, daga nan ta bi fatake da matafiya zuwa ƙauyuka. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Najeriya. Babu rigakafi a lokacin. Agana kuwa, wadda ta makantar da mutane ta bar wasu da zanzana a fuska, an fara yi mata gangamin lamba a Afirka ta Yamma a 1967. Zuwa 1970 ta ɓace daga Najeriya, a 1980 aka sanar da cewa ta ƙare a duniya. Ku tambayi dattawan unguwarku, akwai masu tabon lambar a dantse har yau. Jikokinsu ba su ma san kamannin cutar ba.

Yadda cutar bairos take

Bairos ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin jikin mai rai. Korona da ƙyanda da shan-inna da shawara duk bairos ne ke kawo su. Kafson da ake saye a kemis ba ya kashe bairos, domin an yi shi ne don wani jinsin ƙwayar cuta dabam. Wanda ya sha shi saboda mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma rage wa maganin ƙarfi a ranar da zai buƙace shi da gaske.

Kowace cuta da ƙofar da take bi. Korona da ƙyanda ta numfashi suke bi, da tari da atishawa, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Shan-inna ta bayan gida take fita, ta koma baki ta ruwa ko ƙazamin hannu. Shawara sauro ne ke ɗauke da ita. Saboda haka takunkumin fuska yana da amfani ga korona, amma ba abin da zai yi wa shan-inna, wadda ke bukatar masai da sabulu da ɗigon rigakafi.

Abin da ya sa korona ta yi wuyar tarewa shi ne, mutum zai iya ɗauke da ita kwana biyu zuwa sha huɗu kafin ya ji komai, wani ma har ya rabu da ita bai san ya yi ba, alhali ya shafa wa wasu. Daga nan aka samo kwana 14 na killacewa. Matashi mai ƙarfi zai ci kasuwar Acida lafiya lau, ya dawo gida da yamma ya zauna kusa da kakarsa mai hawan jini. Shi zai wartsake, ita ce abin ji.

Shekarar kulle

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnati Boss Mustapha, aka rufe makarantu, aka kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Mutuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu ta girgiza mutane. A cikin watan ne aka samu mai cutar na farko a Jihar Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma a cikinsa ne Kano ta yi ta binne dattawa. Aka hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli, aka sa dokar hana fitar dare. Azumin shekarar ya zo ba tafsiri a masallatai kamar yadda aka saba, bisa umarnin shugabannin addini ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Maniyyata ba su je Hajji ba a 2020, ba su je ba a 2021, domin Saudiyya ta taƙaita aikin ga mazauna ƙasarta.

Mene ne amfanin duk wannan, tunda dai cutar ba ta fasa yaɗuwa ba? Mutumin Goronyo zai fi kowa ganewa. Madatsar ruwan da ke kan Gulbin Rima ba ta hana ruwa wucewa, tana riƙe shi ne ta sake shi kaɗan-kaɗan, yadda gulbi zai iya ɗauka. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san abin da ke faruwa idan ruwan ya zo a lokaci guda. Gadajen asibiti da tukwanen iskar numfashi da ma'aikata ƙidayayyu ne. Idan marasa lafiya ɗari suka zo cikin wata uku, ana iya duba su. Idan suka zo cikin mako guda, wasu za su mutu a bakin ƙofa, har da mai naƙuda da wanda ya yi haɗari, waɗanda ba ruwansu da korona.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, na kuma yarda da ita. Amma dole a faɗi ɗaya gefen. An tsara dokar kulle ne a ƙasashen da ma'aikaci ke karɓar albashi yana zaune a gida, ga firji, ga famfo a ɗaki. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno ba haka yake ba. Watannin Maris da Afrilu lokacin kwashe amfanin rani ne, kuma albasa ba ta jiran a ɗage doka. Idan mota ba ta fita zuwa Kudu ba, farashi ya faɗi a gona, bashin taki da man injin ban-ruwa kuwa yana nan. Ɗan dako da mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai sai sun fita suke ci. An ce a riƙa wanke hannu da ruwa mai gudana a ƙauyen da ake sayen jarka. An ce a ba da tazara a gidan da mutum ashirin ke kwana. An kwashi almajirai a manyan motoci daga jiha zuwa jiha, a cunkushe, aka kuma samu cutar a jikin wasunsu bayan sun isa. Da aka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama a watan Oktoba na 2020, aka ga abinci jibge wanda bai kai ga talaka ba, sai maganar da ake yi a majalisa ta ƙara ƙarfi: korona cutar masu kuɗi ce, ko kuwa hanyar cin kuɗi ce.

Cutar gaskiya ce. Hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 266,000 da suka kamu a Najeriya, da fiye da 3,000 da suka mutu. Waɗanda aka tabbatar a Jihar Sakkwato ba su kai dubu ɗaya ba. Sai dai wanda aka gwada kaɗai ake ƙirgawa, gwajin kuwa a birni yake. Binciken jini da aka yi a ƙarshen 2020 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a Legas da Inugu da Nasarawa ya riga ya kamu, kusan ɗaya cikin goma a Gombe. Abin da ya sassauta mana, bayan ikon Allah, shi ne yawancin jama'armu yara ne da matasa, cutar kuwa ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini.

A ganina, matakan da suka dace da mu su ne waɗanda talaka zai iya riƙewa wata da watanni ba tare da yunwa ta kore shi waje ba: mai tari da zazzaɓi ya zauna gida, a buɗe tagogin masallaci da aji ko a koma inuwa a waje, a rage cunkoson mota, a ajiye buta da sabulu a ƙofar kasuwa, a nisanta tsofaffi daga taron biki da zaman makoki. Idan har ta kai ga rufe kasuwa, to hatsi ya riga doka isa gari.

Rigakafi da wanda ake fara yi wa

Allurar rigakafi tana shigar da wani abu mai kama da ƙwayar cutar, wanda aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata kawai. Jiki ya yi faɗa da shi, ya riƙe kamanninsa. Ranar da ta gaskiyar ta zo, sai ta tarar an shirya mata. Ɗan zazzaɓi ko ciwon dantse na kwana ɗaya ko biyu alamar wannan aikin ne. Illa mai tsanani tana faruwa, amma da wuya ƙwarai. An gano, alal misali, cewa allurar AstraZeneca na haddasa daskarewar jini ga mutane ƙalilan cikin dubban ɗaruruwa. Duk wanda ya ga abin da bai gane ba bayan allura ya koma wurin ma'aikacin lafiya, aikinsa ne ya rubuta ya kai rahoto.

Ranar 2 ga Maris, 2021, allurai kusan miliyan huɗu na AstraZeneca suka sauka Abuja ta shirin COVAX, bayan hukumar NAFDAC ta amince da su. Miliyan huɗu ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Dole a zaɓi na farko. Hukumar kula da lafiya a matakin farko, ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, ta fara da ma'aikatan lafiya, domin idan suka kwanta ba mai duba kowa. Likita ne a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, Dakta Cyprian Ngong, aka fara yi wa ranar 5 ga Maris, washegari aka yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa a gaban kyamara. Bayan ma'aikata sai masu shekara 50 zuwa sama da masu ciwon da ke raunana jiki.

Ƙasashe masu arziki sun saye yawancin alluran tun kafin a gama haɗa su. Da suka waiwayo mu da kyauta, wasu alluran saura makonni wa'adinsu ya cika. A watan Disamba na 2021 gwamnati ta lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya cika. Wannan ya nuna ana duba wa'adi, ya kuma nuna halin ƙasar da ba ta haɗa nata. Akwai kuma wahalar sanyi: yawancin allurai sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har dantsen mutum. Firji mai aiki da hasken rana da akwatin ƙanƙarar da ma'aikaciya ke rataye da shi a zafin Afrilu suna cikin maganin.

Daga 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna katin allura ko sakamakon gwaji kafin su shiga ofis. Maniyyaci ma a lokacin sai da kati. Tilas irin wannan tana aiki a kan mai albashi da mai fasfo. Ba ta kai ga makiyayi a rugar da ke bayan Gandi, kuma inda aka matsa wa mutane ba tare da an gamsar da su ba, katin bogi ake samu.

Me ya sa ake rufe ƙofa?

Nan ne zuciyar darasin. Mai ƙin allura ba lalle jahili ba ne, sau da yawa yana da abin da yake tunawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a binciken da ya shafi yara 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba ne, amma tabon da ya bari ya shafi duk wani abin da ya zo a kwalba daga waje.

A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin yana hana haihuwa. An yi gwaje-gwaje, aka dawo da shi a watan Yuli na 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Sakamakon dakatarwar, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a shekarun nan su ne iyayen yaran da ke cika makarantunmu yau. Wannan amsa ce da kowa zai iya dubawa a gidansu.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, da jagorancin Sarkin Musulmi. Uban ƙasa ya kira hakimai, hakimi ya kira masu unguwa, liman ya yi magana bayan salla, ungozoma da wanzami suka riƙa sanar da haihuwa. Maigidan da ya kori baƙuwar ma'aikaciya ba zai iya korar mai unguwar da ya ɗiga wa nasa ɗan a gabansa ba. An ga shan-inna ta daji ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, ana tsakiyar korona, aka sanar da cewa Afirka ta rabu da ita.

To me ya sa har yanzu ake zagayowa, ana shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a bango? Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, tana kuma fita ta bayan gida. Inda kusan duk yara suka karɓa, nan take mutuwa. Inda yawancinsu ba su karɓa ba, sai ta yi ta yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina suna cikin jihohin da wannan nau'in ya fi daɗewa. Ƙarancin karɓa ne ke raya shi. Uwar da ta roƙi a shafa wa ɗanta tawada ba tare da ɗigo ba, da ma'aikaciyar da ta yarda, sun bar yaron a buɗe, sun kuma sa hukuma ta ɗauka an gama da unguwar.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran Jihar Sakkwato ne suka kammala alluran farko, mafi ƙaranci a Najeriya, alhali a Anambra kashi 76 ne. Ƙyanda kuwa ba ta tsayawa sai kusan yara 95 cikin ɗari sun karɓa, domin yaro guda na iya shafa wa fiye da goma. Ba duk laifin iyaye ba ne. Akwai nisan asibiti, da ranar da za a je a tarar babu ma'aikaci, da matar da ba za ta fita ba sai da izinin miji wanda ya tafi ci-rani. Akwai rashin tsaro: harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 ya tara jama'a a sansanin Gandi, an kuma kashe mutum fiye da arba'in a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Ƙauyen da ma'aikaci ba zai iya shiga ba, yaransa ba sa cikin lissafin kowa. Sansanin gudun hijira kuwa, da cunkosonsa, nan ƙyanda ta fi so.

Tambayar da iyaye suka fi yi tana da nauyi: zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, in mun je asibiti sai mun saya, don me sai abin da ba mu nema ba ake biyo mu da shi har gida kyauta? Hukuma ce ya kamata ta amsa, da aiki. Ku lura da yadda ake karɓar maganin kariyar zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara wata-wata da damina. Iyaye da yawa da kansu suke nemansa, saboda sun ga amfaninsa. Asibitin da ya karɓi haihuwar mace da daddare, ya ba ɗanta magani ranar da ya suma, shi za ta yarda da shi ranar da ya ce ga sabuwar allura. An ɗage dokar ta-ɓaci ta korona a duniya ranar 5 ga Mayu, 2023, amma wata annobar za ta zo, kuma ma'aikatan nan da firjin nan da masu unguwar nan su ne za a nema. Duk da haka, ina roƙon iyaye maza musamman: kada fushin da kuke yi da hukuma ya sauka a kan jariri. Mashaƙon da ya kashe ɗaruruwan yara a Kano da maƙwabtanta a 2023 yana cikin cututtukan da allurar mako shida ke karewa.

Lokutan kai yaro su ne: ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Idan an tsallake wani, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. A adana katin tare da takardun gida masu muhimmanci.

Tattaunawa da aiki

1. A lokacin kulle na 2020, wace doka ce aka bi a garinku, wace ce aka ƙi bi? Me ya bambanta su?

2. A ce allura ɗari aka kawo mazaɓarku, mutane kuwa dubu biyar ne. Ku rabu gida uku, kowane rukuni ya tsara waɗanda zai fara yi wa, ya kare zaɓinsa a gaban aji.

3. Maƙwabcinka ya ce ɗigon shan-inna yana hana haihuwa. Ku yi wasan kwaikwayo na minti biyar, ɗaya ya zama shi, ɗaya ya amsa masa ba tare da gori ko faɗa ba.

Aikin gida: ka nemi katin rigakafin ƙaramin yaro a gidanku, ka kwafe ranakun da aka cike da waɗanda ba a cike ba. Ka je asibiti mafi kusa ka tambayi ranar da suke yin allurar yara da ƙarfe nawa suke farawa, ka rubuto amsar ka zo da ita aji mako mai zuwa.